Kunun gida ko garin gwangwani: wanne ya fi wa yaro da haƙoransa daga wata shida?

Ranar da ɗan ƙanwata ya cika wata shida gardama ta kaure a gidansu. Maigidan ya shigo da gwangwanin garin jarirai a leda, yana jin ya yi abin kai. Uwarsa ta dube shi sheƙeƙe ta ce, "Kai da me aka raine ka? Ba kokon gero ba?" Ita kuwa mai ɗan, da ta rasa bayan wanda za ta bi, sai ta kira ni ta ce, "Yaya, ki raba mu." Amsar da na ba ta ce nake so in shimfiɗa a nan, domin gardamar ba ta gidansu ce kaɗai ba.

Su biyu suke jayayya, amma abincin da ke gabansu uku ne. Akwai kokon da aka dama da gasara zalla, tsararo, aka zuba masa sukari. Akwai kunun haɗi, wanda ake soya hatsi da waken soya da gyaɗa a niƙa tare, wanda ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Sai kuma garin gwangwani ko na kwali da ake sayowa a kanti. Idan aka ce "kunun gida" aka haɗe na farko da na biyu a kwano ɗaya, an ɓata lissafin tun kafin a fara, don tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin kunun haɗi da gwangwani.

Me ya kawo haƙori cikin zancen kunu? Haƙorin farko yakan leƙo ne wajen wata shida, daidai lokacin da ake fara ba yaro abinci. Kafin ya cika shekara uku guda 20 sun jeru. Amma aikin gina su ya daɗe da farawa: tun wajen mako na shida na ciki ake aza tubalinsu a cikin dasashi, kuma daga wajen wata na huɗu suke fara ƙarfi. Turamen dindindin da za su fito yana ɗan shekara shida, su ma tun wajen haihuwa suke fara ƙarfi. Ke nan abincin da ake ba yaro a shekarunsa biyu na farko yana taɓa haƙora ta fuska biyu. Ta ciki, shi ne kayan ginin waɗanda ba su fito ba. Ta waje, shi ne ke wanke waɗanda suka fito sau uku ko huɗu kowace rana. Yaron da bai samu abinci mai gina jiki ba yakan fito da haƙora masu raunin ɓawo, irin wanda tsami ke saurin ci. Yaron da ya ƙoshi amma bakinsa kullum cikin zaƙi, shi ma nasa za su ruɓe. Abincin da ya ci jarrabawa shi ne wanda ya tsallake ramukan biyu.

Bari in fara sallamar koko, don nasa bai da tsawo. Ana jiƙa gero, a niƙa, a tace, a zubar da dusa, a dama da ruwa mai yawa har ya bi ta bakin fida. Abin da ya rage sitaci ne da ruwa. Cikin jariri ɗan wata shida zuwa takwas bai fi ƙaramin kofin shayi ba, kuma yana buƙatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin abinci, wajen 200 a rana daga abinci ban da nono. Daga wata tara zuwa sha ɗaya 300, bayan shekara 550. Tsararon koko bai kai nonon uwa ƙarfi ba idan aka auna kofi da kofi, don haka duk kofin da ya shiga cikin yaro ya tare wurin abin da ya fi shi. Da yake ba shi da wani armashi, sai a loda masa sukari. Ga rashin gina jiki, ga zaƙi: an gudu ba a tsira ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Ba koko kaɗai ya jawo ba, amma yana cikin masu laifi. Kaka ba ta yi ƙarya ba da ta ce da shi aka raini maigida, sai dai ta manta cewa a lokacin yana shan nono har shekara biyu, kuma sukari bai zama kayan kowace safiya ba.

Saura biyu, kuma a nan ne awon yake da wuya.

Abin da gwangwani ya fi kunun haɗi, in za a faɗi gaskiya, shi ne sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar wannan sinadari daga uwarsa, ajiyar kuma takan fara ƙarewa wajen wata shida. Nono ba shi da shi da yawa. Gero da dawa da waken soya suna da shi, amma a ɗaure yake da wani sinadari na hatsi da ke hana hanji tsotsarsa. Jiƙo da barin ƙullu ya ɗan yi tsami suna sassauta ɗaurin, ba sa kwance shi duka. Masana'anta kuwa tana zuba sinadarin ƙarfe da zinki da kalsiyam da bitamin a kan awo, kowane cokali daidai da ɗan'uwansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, sauƙi. Matar da za ta fita aiki ƙarfe bakwai ta bar yaro a hannun 'yar aiki ko gidan raino ta san darajar abin da ake haɗawa cikin minti biyu. Na uku, hatsin da aka yi shi da shi an tantance shi, alhali gyaɗa da masarar kasuwa kan zo da fumfuna, ita kuwa fumfunar nan tana da gubar da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Inda gwangwani ya faɗi shi ne zaƙi. A watan Afrilun 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye, tare da ƙungiyar IBFAN mai kare shayarwa, ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa Cerelac na kamfanin Nestlé daga ƙasashe da dama. Sun samu cewa wanda ake sayarwa a ƙasashe masu tasowa akasari an ƙara masa sukari, kusan giram 4 a kowane damu ɗaya idan aka yi tsaka-tsaki, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Wani nau'in da aka saya a Najeriya ya kai giram 6.8, na Senegal 5.9. Irinsa na alkama da ake sayar wa 'yan wata shida a Jamus da Ingila kuwa ba a ƙara masa ko kaɗan ba. Kamfanin ya ce yana bin ƙa'idojin abinci na duniya da dokokin kowace ƙasa. To amma ƙa'ida ta halatta, haƙori bai halatta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2023 kan abincin yara 'yan wata 6 zuwa 23, cewa ta yi kada a ba su abinci mai yawan sukari ko abin sha mai zaƙi. Yaron da ake dama wa sau uku a rana ya sha cokali uku ko fiye na sukari ba tare da uwarsa ta taɓa buɗe robar sukari ba.

Ba kamfani ɗaya ba ne, kuma ba sai kin jira wata ƙungiya ta gwada miki ba. Ki juya gwangwanin ki karanta jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka idan kin ga sugar ko sucrose ko glucose syrup ko honey a cikin ukun farko ko huɗu, kin san inda aka dosa. A Nijar za ki ga sucre ko miel. Akwai kuma wata dabara da ba kowa ya sani ba. Yawancin irin wannan gari ana sarrafa shi ne ta yadda sitacinsa zai farfashe tun a masana'anta, don ya narke nan take ya yi laushi. Sitacin da ya farfashe kuwa ɗan'uwan sukari ne, shi ya sa wani garin ko an rubuta ba a ƙara masa sukari ba, in kin lasa za ki ji zaƙi. Harshenki ma'auni ne mai kyau. Duk da haka wanda ba a ƙara wa ba ya fi wanda aka ƙara wa, kuma yanzu ana samunsa.

Yadda zaƙi ke cin haƙori ba tsutsa ba ce kamar yadda muke faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a kan haƙori suke cin sukarin su fitar da tsami, tsamin ya yi ta zaizayar ɓawon haƙori na kusan rabin sa'a bayan kowane ci, kafin yawu ya wanke ya gyara abin da ya ɓaci. Saboda haka yawan lokutan da zaƙi ya taɓa baki ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Kofi ɗaya da aka shanye a zama ɗaya, farmaki ɗaya ne. Kofin nan in aka zuba a fida yaro ya wuni yana tsotsa, farmaki ne da ba ya ƙarewa. Da dare kuma yawu na raguwa, shi ya sa yaron da ke barci da fida a baki haƙoransa na gaba na sama suke fara tafiya, su yi baƙi su guntule tun bai yi shekara uku ba. Ɓawon haƙorin yarinta ya fi na babba sirantaka, ba ya jure abin da namu ke jurewa.

Kunun haɗi fa? Babbar falalarsa ita ce robar sukari tana hannunki. Awon da aka fi koyarwa a shirye-shiryen yaƙi da tamowa a Arewa maso Gabas shi ne shida, uku, ɗaya: kwano shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban har ya yi ƙamshi, a cire ɓawon waken, sannan a niƙa a tankaɗe. Waken soya sai ya soyu sosai, in ba haka ba yana kumbura ciki. Hatsi da wake in sun haɗu suna cike wa juna giɓi wajen gina jiki, gyaɗa kuma ta kawo mai, wanda ke ƙara ƙarfi ba tare da ƙara yawa ba. A Nijar da Mali da Burkina Faso akwai garin Misola, wanda shi ma gero ne da waken soya da gyaɗa, ƙungiyoyin mata ke sarrafawa. Sai dai shi an riga an sa masa sukari a cikin haɗin, don haka wadda ta saya kada ta ƙara.

Damun shi ne rabin aikin. Kunun yaro ya yi kaurin da in kin karkata cokali ba zai zube ba sai a hankali. Irin wannan ba ya bin fida, dole sai da cokali, kuma wannan kaɗai ya raba yaro da wunin tsotso. Kaurin yana kuma koya masa motsa muƙamuƙi da harshe, share fagen tauna. Ɗura kuwa, wato a danne yaro a toshe masa hanci a kwarara masa da tafin hannu, a bar ta ko da wane irin kunu ne, don tana iya tura abinci cikin huhu.

Raunin kunun haɗi shi ne wancan sinadarin ƙarfe, kuma ba a rufe shi da fatan alheri. Sai an kawo abin dabba. Garin busasshen kifi da aka daka har da ƙayarsa aka tankaɗe yana kawo kalsiyam mai yawa, wanda shi ne tubalin haƙori da ƙashi. Hanta kaɗan da aka dafa aka murje, sau ɗaya ko biyu a mako. Ƙwai dafaffe, a yi watsi da camfin nan na cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi ɗauke-ɗauke. Garin zogale da garin kuka su ma suna da kalsiyam, ɗan manja kuma yana kawo bitamin A. A wasu asibitocin sha-ka-tafi ana raba 'yan ƙananan ledoji na garin bitamin da ake barbaɗa wa abincin yaro bayan an sauke. Inda ake samu, shi ne ke ɗaga kunun gida ya kamo gwangwani ta wannan fuska. Gyaɗa kuma a zauna a tsince ta da ido: duk wadda ta yanƙwane, ta yi baƙi ko ta yi ɗaci, a zubar.

Wajen tsabta kowanne da inda yake tuntuɓe. Garin gwangwani ba a dafa shi, ruwa kawai ake zuba masa, don haka lafiyarsa tana kan ruwan. In ba a tafasa ba, an sayi gudawa da tsada. Kunun gida yana sauka daga wuta da tsarkinsa, amma in aka dama da safe aka ajiye ana ɗiba har la'asar cikin zafin Sakkwato ko Maraɗi, ya zama wani abu daban. Abin da ya wuce sa'a biyu a ajiye ba na jariri ba ne. Batun kuɗi kuma yana da wata fuska da ba a cika faɗa ba. Gwangwani in ana bin awon da aka rubuta bai wuce 'yan kwanaki. Gidan da ƙarfinsu bai kai ba sai su riƙa tsinka shi da ruwa don ya kai ƙarshen wata, ko su riƙa yafa cokali ɗaya a kan koko. A nan an biya kuɗin gwangwani an sha koko.

Akwai masu cewa sun bar sukari sun koma zuma, mazarƙwaila ko garin dabino. Ƙwayoyin cutar baki ba su san wannan bambanci ba. Zuma ma haramun ce ga wanda bai cika shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Dabino yana da amfaninsa, amma yana manne wa haƙori. In lallai sai an ɗanɗana, a murje ayaba ko dafaffen dankali mai jan ciki a cikin kunun. Jaririn da bai san sukari ba ba ya nemansa. Harshen uwa ne ke cewa kunun salam yake. Kuma a daina lasar cokalinsa ko tauna masa abinci, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori ba a haifar yaro da su, daga yawun manya yake samu, galibi na uwa.

Wannan ya sa nake ce wa masu ciki zaɓin kunu tun a ɗakin awo yake farawa. Wadda ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta kullum ta cika wa ɗanta ajiyar da zai ci har wata shida. Wadda ta gyara ruɓaɓɓen haƙorinta kafin ta haihu ta rage abin da za ta miƙa masa. Zuwa wurin likitan haƙori da ciki ba laifi ba ne, tsakiyar ciki ma ya fi daɗin zama a kujera, a dai gaya masa ana da juna biyu. Ba gaskiya ba ne cewa ɗan tayi yana zuƙe kalsiyam daga haƙoran uwa. Abin da ke faruwa shi ne dasashi kan kumbura ya riƙa jini, aman laulayi ya jiƙa haƙora da tsami, kwaɗayin alewa da lemo ya ƙaru. Bayan amai a kurkure da ruwa, a dakata kamar rabin sa'a kafin a goge. Kafson tetirasaikilin da ake saya barkatai kuwa, ba na mai ciki ba ne, ba na yaron da bai kai shekara takwas ba ne, don yana rina haƙoran da ke cikin dasashi rinin da ba ya fita.

Wanda ke ganin duk wannan ƙaƙale ne a kan haƙoran da za su zube, ya tuna turamen yarinta ba sa famfara sai shekara goma zuwa sha biyu, kuma su ke riƙe wa na dindindin wuri. Ya kuma tuna dalilin da ya sa aka gina asibitin yara masu cutar noma a Sakkwato a 1999. Cutar, wadda wasu ke kira zaizayar baki, daga kumburin dasashi take farawa a jikin yaron da tamowa ko ƙyanda ta raunana, akasari ɗan shekara biyu zuwa shida, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu. A Disambar 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Ba sukari ke kawo ta ba, yunwa ce da rashin tsabtar baki. Shi ya sa ban yarda da uwar da za ta tsorata da zaƙi har ta bar yaro da tsararon kunu ba gyaɗa ba kifi.

Ga hukuncin da na yanke wa ƙanwata. Gidan da ke da mai zama ta soya ta niƙa, kuma ana iya samun ƙwai ko kifi ko hanta a kai a kai, kunun haɗi ya fi musu, ya fi araha, ya fi wa haƙori. Gidan da uwa ke fita aiki, ko yaron da aka haifa bakwaini ko aka ce jininsa ya yi ƙasa, gwangwani yana da gurbi: a zaɓi wanda ba a ƙara wa sukari ba, a dama shi da kauri da tafasasshen ruwa, a ba shi sau ɗaya a lokacin da uwa ba ta nan, sauran lokutan a ba shi na gida. Gidan da gwangwani zai zama sai an tsinka, kada ma su fara. Kuɗin ya tafi ga waken soya da ƙwai. Ko wanne aka ɗauka, nono ya ci gaba har shekara biyu, abinci da cokali, ruwa da kofi, kuma daga ranar da haƙorin farko ya fito a riƙa goge shi safe da dare da ƙaramin burushi mai laushi da man goge baki mai fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, ɗigo kamar ƙwayar shinkafa. Daga shekara uku kamar ƙwayar wake. Na dare shi ne wanda ba a tsallakewa. Sau ɗaya a wata ki ɗaga leɓensa na sama a cikin haske: in kin ga fari-fari kamar alli a gindin haƙora kusa da dasashi, ruɓewa ce ta fara sallama, kuma a wannan matakin ana iya tare ta ba tare da an fasa haƙori ba.

Su dai sun tsaya a kan kunun haɗi, gwangwanin da maigida ya riga ya sayo aka bar shi na ranar tafiya. Kaka ta karɓi aikin suyar waken soya, ta ce ba wanda ya iya ta kamar ita, kuma gaskiyarta. Abin da har yanzu ba a gama da shi ba shi ne ƙullin sukarin da take ajiyewa a bakin zane, don a ganinta jikanta ba zai sha kunu salam ba tana raye. Ƙanwata ta ce yanzu ita ke damawa da kanta, ta miƙa wa Hajiya kofi da cokali kawai.